Me Ya Sa Kwalta Ke Mutuwa Da Wuri?

A wannan wata za mu sunkuya mu dubi abin da ke ƙarƙashin ƙafafunmu, watau kwaltar da mu ke takawa kullum ba tare da mun tambayi yadda aka yi ta ba.

Wanda ya fita Kano ta hanyar Zariya, ya wuce kasuwar 'Yan Lemo da ke Na'ibawa a ƙasar Kumbotso, ya haye gadar Tamburawa, ba zai daɗe ba zai fara ganin kore shar dama da hagu, ko da tsakiyar rani ne. Ƙasar Kura ke nan da Bunkure da Garun Malam, inda ruwan madatsar Tiga ke bi ta magudanai yana shayar da gonaki. An gina madatsar tsakanin 1971 da 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako. Tun daga lokacin nan shinkafa da alkama da albasa da tumatir suka zama arzikin mutanen wannan yanki.

Amma amfanin gona ba ya zama kuɗi sai ya kai kasuwa, ba ya kuwa kai kasuwa sai ta hanya. Buhun shinkafa yana iya jiran mota har mako guda. Kwandon tumatir ba ya jiran kowa. Da idonmu mun ga wata babbar mota cike da kwanduna ta kafe a wani rami, a kan wata ƙaramar hanya da ba ta daɗe da shan kwalta ba. Direba da yaransa suka wuni suna haƙa, rana tana dukan kaya. Kafin la'asar ruwan tumatir ya fara ɗiga ta ƙasan mota. Mai kayan yana zaune a gindin wata bishiya ya yi tagumi, wahalar wata uku tana tsiyayewa a gabansa. Ramin da ya cinye wannan tumatir, shi ne kuma ke jiran motar da za ta ɗauko mace mai naƙuda da tsakar dare.

To, me ya sa wata hanya ta kan yi shekara ashirin lafiya lau, wata kuwa ko damina uku ba ta gani? Akwai mutanen da wannan tambaya ita ce aikinsu, a ɗakunan gwaji na jami'o'i da ma'aikatu. Bari mu leƙa mu ga abin da su ke yi.

Abin Da Ke Cikin Kwalta

Kalmar kwalta daga Turanci muka aro ta. Asalinta sunan wani baƙin danƙo ne da a ke samu daga kwal, wanda a dā a ke zuba wa hanyoyi. Danƙon da a ke aiki da shi yanzu kuwa daga ɗanyen man fetur ya ke fitowa. Shi ne dagwalon da ke saura a matatar mai bayan an tace fetur da kananzir da man gas. Matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, an tsara ta ne har da sashen yin wannan danƙo. Akwai kuma wanda ke kwance cikin ƙasa tun fil azal, kamar na Agbabu a Jihar Ondo, wanda wani kamfani ya yi ta haƙar bincike a kansa kafin yaƙin 1914.

Abin mamaki, danƙon nan ɗan kaɗan ne cikin abin da mu ke takawa. In aka auna kilo 100 na kwaɓin kwalta, danƙo bai fi kilo 5 ko 6 ba. Sauran duka fasasshen dutse ne da yashi da garin dutse mai laushi. Tsakuwa ce ke ɗaukar nauyin mota, danƙo kuwa aikinsa ya riƙe ta kada ta watse, ya kuma hana ruwa shiga. Baƙin shimfiɗin nan ma, ko a manyan hanyoyi, sau da yawa kaurinsa bai wuce santimita 10 ba. A ƙarƙashinsa akwai fasasshen dutse, a ƙarƙashin wannan akwai burji, sa'an nan ƙasar wurin.

Iyayenmu mata da suka san daɓen ɗaki sun riga sun san rabin wannan ilimi. Sun san a kan zaɓi tsakuwa mai kyau, a yayyafa ruwa daidai gwargwado, a yi ta duka da madaɓi har ƙasa ta haɗe, sa'an nan a shafa makuba. In aka yi ha'inci a wuri ɗaya, daɓen zai fashe. Haka hanya ta ke.

Abokan Gaba Uku

Na fari shi ne zafin rana. Danƙon kwalta kamar man shanu ya ke, da sanyi ya daskare, da zafi ya saki jiki. A watan Afrilu zafin iska a Kano ya kan wuce digiri 40, baƙar kwalta kuwa tana shan rana har zafinta ya kai digiri 60 ko fiye. A irin wannan lokaci, in kwaɓin bai yi daidai ba, tayoyin manyan motoci su kan tura shi gefe, su bar kwari biyu kamar kunyar gona. Har wa yau rana da iska suna tsufar da danƙo. A hankali ya bushe ya yi tauri, sai hanya ta tsattsage kamar faso a diddige.

Na biyu shi ne nauyi. Tsakanin 1958 da 1960 aka yi wani babban gwaji a garin Ottawa na Jihar Illinois a Amurka. Aka shimfiɗa hanyoyi na musamman, aka sa motoci masu nauyi dabam dabam suna zagayawa a kansu dare da rana har shekara biyu. Abin da aka gano ya ba kowa mamaki. In aka ninka nauyin da ke kan layin tayoyi ɗaya sau biyu, ɓarnar da zai yi wa hanya ba sau biyu za ta ƙaru ba, wajen sau 16 ne. Watau tirela ɗaya da aka yi wa lodin wuce kima ta fi dubban ƙananan motoci cin hanya.

Na uku, wanda ya fi duka mugunta, shi ne ruwa. Ya kan shiga ta ɗan tsagin da rana ta buɗe, ya ratsa tsakanin danƙo da tsakuwa ya raba su. In ya gangara ƙasa sai ya jiƙa burji, burji ya yi laushi, kwalta ta rasa abin da za ta zauna a kai. Mota ta taka, wuri ya lotsa, rami ya buɗe. A yawancin ƙasar Hausa hanya ta kan huta da ruwa wata bakwai ko takwas a shekara. A Kura da Bunkure kuwa ba haka ba ne. Damina ta ɗauke, ruwan noman rani ya karɓa. Ƙasa ba ta bushewa sosai, kuma lokacin da ta ke a jiƙe shi ne lokacin da manyan motoci ke shigowa kwasar kaya. Ashe ruwan da ya kawo arziki shi ne kuma ke cin hanyar fitar da arzikin.

A Ɗakin Gwaji

Aikin masu bincike shi ne su kawo waɗannan abokan gaba uku cikin ɗaki, su sa su yi ɓarnarsu a kan ɗan samfur, kafin a zuba miliyoyin naira a kan hanya. A ƙasarmu an kafa Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Nijeriya a 1978 domin irin wannan aiki. Sassan koyon aikin injiniya na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano su ma suna koyar da shi.

Da danƙo a ke farawa. A kan zuba shi a ɗan gwangwani, a bar shi ya huce zuwa digiri 25. Sa'an nan a ɗora masa allura mai nauyin giram 100 na tsawon daƙiƙa 5, a auna iyakar nutsewarta. In ta nutse da yawa, danƙon ya yi taushi, ba zai jure ranarmu ba. In da ƙyar ta shiga, ya yi tauri, zai tsage da wuri. Wanda aka fi aiki da shi a Nijeriya shi ne wanda allura ke nutsewa milimita 6 zuwa 7 a cikinsa, shi ya sa za ku ji ma'aikata suna kiransa 60/70.

Akwai kuma gwajin zobe. A cika ɗan zoben tagulla da danƙo, a ɗora masa ƙaramin ƙwallon ƙarfe, a sa cikin ruwa a riƙa ɗumamawa sannu sannu. Zafin da danƙo ya saki har ƙwallon ya zarce ƙasa, shi a ke rubutawa. Ga irin danƙon nan namu, abin ya kan faru wajen digiri 50. Ku gwada wannan da zafin kwalta a watan Afrilu, za ku gane dalilin da ya sa masu bincike ke ta neman abin da za su ƙara masa ya yi ƙarfi. Domin a ga yadda zai tsufa kuma, a kan shimfiɗa shi a faranti a sa a tanda mai zafin digiri 163 har awa 5, a fito da shi a sake gwada shi da allura.

Bayan danƙo sai kwaɓin gaba ɗaya. Gwajin da aka fi sani a nan wani injiniya ne mai suna Bruce Marshall ya ƙago shi a Jihar Mississippi ta Amurka wajen 1939, har yau kuwa da sunansa a ke kiransa. A kan soya tsakuwa da yashi, a kwaɓa da danƙo mai zafi, a zuba a wani ƙoƙon ƙarfe mai faɗin santimita 10. Sai a riƙa sako masa guduma mai nauyin kilo 4 da rabi daga tsayin santimita 45, sau 75 ta sama, a juya, sau 75 ta ƙasa, in hanyar ta manyan motoci ce. Abin da zai fito curi ne baƙi, kamar babbar waina mai kauri. A jiƙa shi rabin awa a ruwa mai zafin digiri 60, watau zafin kwalta da tsakar rana, sa'an nan a sa shi a injin matsa har ya fashe. A rubuta nauyin da ya ɗauka, da yadda ya lotsa kafin ya fashe.

Ba curi ɗaya a ke yi ba. A kan yi da yawa, wannan da danƙo kaɗan, wancan da ɗan ƙari, har a gano daidai. Gama in danƙo ya yi yawa hanya za ta yi gumi da rana, ta yi santsi, ta lotsa. In ya yi kaɗan tsakuwa za ta riƙa ɓarewa ɗaya ɗaya. Har iskar da ke maƙale cikin curin a kan lissafta, a na so ta tsaya tsakanin kashi 3 da 5 cikin 100. Kamar gishiri ne a miya, kaɗan ya rage daɗi, da yawa ya ɓata tukunya.

Ruwa ma yana da nasa gwaji, mai sauƙi ƙwarai. A ɗebi tsakuwar da aka lulluɓe da danƙo a tafasa ta minti 10, a tsame a duba. In danƙon ya saɓule ya bar dutse tsirara, to haka zai yi a hanya. Wannan ya shafe mu musamman, domin dutsen da a ke fasawa a ƙasar Kano irin mai ƙyalƙyali ne, wanda ya fi son ruwa da danƙo. Maganin da aka daɗe da sani shi ne a ƙara kashi 1 ko 2 cikin 100 na farar hodar da a ke samu in an ƙona farin dutse irin na yin siminti. Burjin da za a shimfiɗa a ƙasa shi ma a kan daddaɓe shi a ƙoƙo, a jiƙa shi cikin ruwa na 'yan kwanaki, sa'an nan a gwada ƙarfinsa. Burjin da ya yi ƙarfi a bushe amma ya zama kunu a jiƙe ba na ƙasar noman rani ba ne.

Abin Da Muka Zubar

Wani abin farin ciki shi ne, masu bincike sun juyo suna duban abubuwan da mu ke zubarwa. Duk wanda ya san Kura ya san tulin ɓuntun shinkafa a bayan injinan casa. Cikin kilo 100 na shanshera wajen kilo 20 ɓuntu ne. In an ƙona shi da kyau ya kan bar toka wajen kilo 4, yawancinta kuwa sinadari ɗaya ne da wanda ke cikin farin yashi. Injiniyoyi a Zariya da wasu jami'o'in ƙasarmu sun gwada zuba tokar ɓuntu da ta ɓawon rake a madadin wani kashi na garin da a ke sa wa kwaɓin kwalta, suka yi curi suka matsa kamar yadda muka bayyana. An ga cewa in an sa ta daidai gwargwado, curin yana iya cika ƙa'ida. Sai dai tokar da aka ƙona a juji, rabi gawayi rabi ƙasa, ba ita a ke nufi ba. Sai wadda aka ƙona da zafi sananne, aka tankaɗe.

Haka kuma leda. A ƙasar Indiya wani malamin kimiyya a birnin Madurai, mai suna Rajagopalan Vasudevan, ya gano cewa in aka yayyanka tsohuwar leda aka zuba a kan tsakuwa mai zafi, ta kan narke ta lulluɓe dutsen, danƙo ya kama shi da kyau, ruwa ya kasa raba su. Ya shimfiɗa irin wannan hanya a 2002, a 2015 kuma gwamnatin ƙasar ta umarci a riƙa aiki da leda a hanyoyin da ke kusa da manyan birane. A nan gida ma an yi gwaje-gwaje da ledar ruwan sha, wadda ke toshe mana lambatu.

Har tsohuwar kwalta ba a yar da ita yanzu. Sa'ad da aka soma sake gina hanyar Abuja zuwa Kaduna da Zariya da Kano a 2018, mai tsawon kilomita 375, kamfanin Julius Berger ya yi aiki da wata dabara. A kan kankare tsohuwar kwalta a niƙa ta, a gauraya da ɗan siminti da danƙo mai kumfa, a mayar da ita ƙarƙashin sabon shimfiɗi. Yadda a ke samun kumfar kuwa, ɗan ruwa kaɗan a ke fesa wa danƙo mai tsananin zafi, sai ya kumbura ninki goma ko fiye, ya bi ya kama garin dutse. Wani malamin jami'a ne a Jihar Iowa ta Amurka ya fara wannan dabara a 1956. Ga ruwa, babban abokin gaba, an mai da shi bara. Wannan hanya ita ce ta ratsa Kumbotso da Kura, kuma a 2023 aka yi bikin buɗe ɓangarenta na Kaduna zuwa Kano.

Daga Ɗaki Zuwa Fili

Amma mu faɗi gaskiya. Curin da ya ci jarrabawa a ɗaki ba shi ne hanya ba. Kwaɓin kwalta ya kan fito daga inji da zafin digiri 150 ko fiye, dole ne kuwa a shimfiɗa shi a bi shi da injin daɓe tun bai huce ba. In mota ta yi jinkiri a hanya, ko aka zuba shi a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ko aka rage kaurinsa da faɗin yatsa ɗaya domin a ci riba, duk wahalar masu gwaji ta tashi a banza. Sabo da haka a kan koma bayan an gama aiki, a huda hanya da inji a ciro curi, a kai ɗakin gwaji. Nan za a ga kaurinsa, a wanke danƙon a auna ko ya cika. Ran wanka ba a ɓoyon cibi. Jama'ar da a ke yi wa hanya suna da ikon su tambayi wakilansu, cikin ladabi, ko an yi wannan gwaji, da abin da ya nuna.

Akwai kuma rabon da ya ke namu. Injiniyoyi su kan ce abu uku hanya ke bukata, na fari magudana, na biyu magudana, na uku magudana. Wanda ya zuba shara a lambatu, ko ya toshe kwalbati domin ya tare ruwa ya juya shi gonarsa, ya jiƙa gindin hanyar da shi kansa zai bi gobe. Wanda ya sare kwalta domin ya tsallakar da bututun ban ruwa, ya buɗe wa ruwa ƙofa da hannunsa. Man gas yana narkar da danƙo kamar yadda ruwan zafi ke narkar da sukari, sabo da haka makanikin da ke wanke inji a kan kwalta rami ya ke shukawa. Ƙona taya a kan titi kuma yana gasa danƙon ya mutu. Mai mota da ke ƙara buhu ashirin a kan ƙa'ida, ya tuna da lissafin nan na sau 16. Ribar da ya ci yau, gobe zai biya ta a wurin mai gyaran sifirin da mai sayar da taya, maƙwabtansa kuma su taya shi biya.

Ƙaramin tsagi ba ya cin kuɗi da yawa in an cike shi kafin damina. Tun ran gini ran zane. In mun ga ruwa ya kwanta a gefen hanya kwana biyu, kada mu jira ma'aikata su zo daga birni. Mai unguwa da matasa da fartanya biyar sun isa su buɗe masa hanya ya wuce.

Ga yaranmu 'yan makaranta kuwa, maza da mata, wannan fili ne da ke neman ma'aikata. Yaron da ya tashi a Kadawa ko Bunkure ya san halin jiƙaƙƙiyar ƙasa tun kafin ya buɗe littafi. In ya riƙe lissafi da kimiyya da kyau, wata rana shi zai tsaya a gaban allurar nan da gudumar nan, ya ce wannan kwaɓi ya yi, wancan bai yi ba, ya kuma tsaya a kan maganarsa ko an matsa masa. Iyaye, in kun bi hanyar Zariya da su, ku nuna musu inda kwalta ta lotsa da inda ta tsage, ku tambaye su wanne ne cikin ukun nan ya yi ɓarnar.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.